A Gwada Ƙasa Kafin a Zuba Maganin Guba a Gonar Shinkafa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in ja hankalin manoman shinkafa da ke ban-ruwa da ruwan da ya ratso masana'antun Challawa, Sharaɗa da Bompai a Kano, da masu fadamu kusa da wuraren wanke zinariya, kan gubar da ke shiga ƙasar gona daga irin waɗannan wurare. Tun da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 kowa ya san sunanta. Waɗanda ba a sani ba su ne wasu sinadarai biyu masu guba, kadmiyom da asanik, alhali su suka fi shiga ƙwayar shinkafa. A Toyama ta ƙasar Japan, shinkafa mai kadmiyom ce ta lalata wa mutane ƙoda da ƙashi. Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta ƙayyade kada kadmiyom ya wuce miligiram 0.4 a kilo ɗaya na gyararriyar shinkafa.

Matakin farko, a ɗebi ƙasa daga wurare goma zuwa sha biyar a gonar, zurfin santimita 20, a gauraya, a kai ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken noma ta Samaru. Tsallake wannan shi ne babban kuskure, domin abin da ke danne wata guba yakan saki wata.

In ƙasar mai tsami ce, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH bai kai 6 ba, garin farar ƙasa (laim) mai rage tsami ne magani: buhu 20 zuwa 40 masu kilo 50 a hekta, a kafce shi ya gauraya, mako biyu ko uku kafin dashe. Ana so ma'aunin ya tsaya wajen 6.5. In an zarce, shinkafa ta rasa sinadarin zink, sai ka ga ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa, shukar ta tsumbure.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓuntun shinkafa da ke jibge a bayan injinan casa, ana cinna masa wuta. Gawayinsa na riƙe kadmiyom da dalma, sinadarin silika da ke cikinsa kuma yana gogayya da asanik a hanyar shiga saiwa. A turara shi a cikin durom mai ƙarancin iska, a kashe da ruwa tun yana baƙi, kowane ɓawo da siffarsa. In ya koma farar toka, an yi asarar gawayin. Kilo ɗaya a kowace murabba'in mita ya isa farawa, wato tan 10 a hekta. Amma kada a ɗauko ɓuntun gonar da ta gurɓace, mayar da gubar gida ne.

Sai batun ruwa. Idan kadmiyom ne matsalar, a bar ruwa kwance a fangali mako uku kafin shinkafa ta fitar da kai da mako uku bayan haka. Idan asanik ne, kwanciyar ruwan ce ke narkar da shi, don haka sai a riƙa janyewa ƙasa ta sha iska.

A guji takin amoniyam salfet, yana ƙara tsami. Takin juji na birni, mai fasassun batura a ciki, kada ya shiga gona. Ita dalma yawanci a saiwa take tsayawa. Ta ƙura take hawa hatsi, saboda haka a yi shanya a kan tamfol, kuma kada a kai shinkafa injin da ya taɓa niƙa dutsen zinariya.

Duk waɗannan ɗaure guba suke yi, ba sa cire ta, kuma ƙarfin farar ƙasa na raguwa cikin 'yan shekaru. Ina roƙon ma'aikatun gona na jihohi su ɗauki nauyin gwajin ƙasa da na ƙwayar shinkafa a waɗannan fadamu bayan kowane girbi, su kuma sanar da manoma sakamakon da Hausa.

Naku,
Wani malamin gona, Kano