Ana Gobe Larabar Toka

Kaduna,
Talata da dare.

Aminina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya karatu, yaya sanyin Roma? Mu nan hunturu ya fara naɗe tabarmarsa, zafi na leƙowa. Iyali duk lafiya. Uwargida tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko taliyar Italiya ta sa ka manta da tuwon dawa.

Saƙonka ya iso, har da waƙar da ka naɗo mini a majami'ar Bitrus Mai Tsarki. Sau uku na saurara, na ukun ma sai da na kori yara daga falo. Gaskiyarka, Palestrina da ya tsara ta gwani ne. Mutum ya rasu tun 1594, amma har yau muryoyin da ya jera suna bin juna kamar zaren saƙa, ba ganga, ba ogan, ba komai. Sai dai ƙarshen saƙon naka ya tsaya mini a wuya, inda ka ce idan mutum ya ji wannan sai ya ga abin da muke yi a gida hayaniya ce. Haba mutumina! Shekara nawa ka yi kana bas, layin masu kaurin murya, a bayana cikin kwaya?

Yanzu na dawo daga koyon waƙa, kuma yau ma sai da aka yi rigimar da ake yi kowace shekara. Na ce daga gobe, Larabar Toka da ake fara Azumi, a ajiye ganguna da kacau-kacau, tulu ɗaya ya isa ya riƙe mana taki. Samarin da ke kiɗa suka ɓata rai, ɗaya ya ce mutane za su yi barci a Misa. Na ce masa ba dokata ba ce, ƙa'idar Ikilisiya ce: a lokacin Azumi kayan kiɗa aikinsu su tallafi murya kawai, in ban da Lahadi ta huɗu da ranakun idi. Ba a rera waƙar Ɗaukaka ga Allah a Lahadi, Halleluya kuwa ba za ta sake fita daga bakin kowa ba sai daren Ista. Ya ce to mene ne amfanin hana mutum faɗin kalma mai kyau? Na tambaye shi, ranar da ya yi azumi, ruwan da ya fara sha da yamma ɗaya ne da na kullum? Ya yi shiru, amma na san bai gamsu ba. Ni ma ina kamarsa ban gamsu ba.

Abin da nake so ka tuna ke nan. Waƙarmu ba a auna ta da Lahadi ɗaya. Tsohuwar da ba ta taɓa buɗe kalanda ba, da kunne take sanin inda shekara ta kwana. In ta ji an tsallake Ɗaukaka, ga Fada da tufafi masu launin shunayya, amma Halleluya na nan, ta san an shiga makonnin jiran Kirsimeti. In Halleluyar ma ta ɓace, Azumi ne. Ranar Alhamis Mai Tsarki a buga ƙararrawa a lokacin Ɗaukaka har kunne ya yi zafi, daga nan kuma tsit, sai ɗan katakon nan da masu hidima ke kaɗawa, ƙwas, ƙwas.

Bara a daren Ista an ɗauke wuta tun magariba, janareto kuma ya ƙi tashi. Da farko hankalina ya tashi, daga baya na ga gyara ne. Majami'a baƙi ƙirin, kyandir ɗaya tak ya shigo daga ƙofa, wuta na bi daga hannu zuwa hannu. Mai shelar Ista ya rera doguwar waƙar nan ba lasifika, muryarsa na ɗan rawa, amma har bencin baya ana ji, don ko jarirai kamar an roƙe su. Aka yi karatu bakwai na Tsohon Alkawari, kowanne da Zaburarsa, a hankali. Da Fada ya ɗauko Ɗaukaka kuwa, ƙararrawa ta fashe, yaron nan da ke musu da ni yau ya sauke hannu a kan gangar da ya yi mako shida bai taɓa ba, matan Zumunta suka rangaɗa guɗa. Wallahi sai da na kasa ba da hannu, sandar ma ban san inda na jefar da ita ba. Wanda ya shigo a daidai wannan lokaci zai ce hayaniya ce. Wanda ya yi kwana arba'in tare da mu ba zai faɗi haka ba.

Ba ina cewa ba mu da laifi ba. Babban ciwonmu shi ne ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turawa kamar an sa wa jaki sirdin doki. Ka tuna waƙar Kirsimetin da muka fassara muna samari, wadda karin ya ja gaɓar farko ta "garin Dauda" har ya koma garin tuwo? Marigayi katikis ya kira mu bayan Misa ya ce shi dai bai san Sarki Dauda yana da injin niƙa ba. Dole muka mai da shi "birnin Dauda". Hausa tana da hawa da sauka, tana da dogon wasali da gajere, in ba ka bi su ba sai ka rera abin da ba ka nufa ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini sabuwar waƙa, sai na sa shi ya karanta baitin da baki tukuna, mu ji inda maganar da kanta take hawa, sannan a nemo mata kari. Waƙoƙin matan Zumunta ba su da wannan matsala, domin daga bakin magana aka haife su, ɗaya ta bayar saura su amsa.

Kuma ai ba da ka muke yi ba. Takardar da Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta fitar kan sujada a ranar 4 ga Disamba 1963 ta ba waƙar Giregori, tsohuwar waƙar Latin ta Ikilisiya, matsayi na gaba, haka ne, amma ita ce kuma ta ce a girmama kiɗan gargajiyar al'ummai a ba shi wurinsa. Kai da ke zaune kusa da inda aka sa mata hannu, ka fi ni sanin wannan. Fadan-fadan mishan da suka sauka Shendam ta Filato a 1907 da Latin suka zo, kuma Latin ɗin bai mutu ba. A watan Nuwamba, ranar idin Almasihu Sarki, da muke zagaya gari da Jibi Mai Tsarki (ka san mu sai lokacin, don idin Jiki da Jinin Almasihu a tsakiyar damina yake faɗowa), bayan an sha rawa da ƙura, da aka durƙusa aka ɗauko waƙar Latin ɗin nan Tantum ergo, tsofaffi ne suka ja mu. Akwai wata baba mai sayar da daddawa da ta rera shi daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Toma Akwinas ya rubuta shi wajen 1264, ga shi a bakin mai daddawa a Kaduna. 'Yan kwayata kuwa, masu waya a hannu, rabinsu motsa leɓe kawai suke yi. Wannan kam abin kunyata ne, ba nasu ba.

To ga roƙona. In ka shiga shagunan littattafai na kusa da dandalin Bitrus Mai Tsarki, ka nemo mini ƙaramin littafin waƙoƙin Giregori, mai layi huɗu da ɗigo masu kusurwa. Ina so kafin Ista su iya Regina caeli, don Salve Regina kaɗai suka sani, ita suke rerawa rani da damina, alhali kowane lokaci da tasa waƙar ta Uwa Maryamu. Ni zan juya musu shi zuwa solfa, wato do-re-mi. Ka faɗa mini kuɗin, in ba ƙaninka a nan.

Bari in tsaya haka, Misar toka ƙarfe shida na safe ce, kuma har yanzu ban rubuta amshin Zabura a allo ba. Tun da rana katikis ya ƙone ganyen dabinon bara don tokar gobe, ƙamshin hayaƙin na nan a rigata. Wurinka a layin bas har yau ba wanda ya cike shi, wanda ke tsayawa a nan sai ya ga bakin na kusa da shi yake shiga.

Ka gaishe mini da 'yan gida da ke can. Allah ya ba mu Azumi mai albarka.

Naka kullum,
Amininka