Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Kujerar Jirgin Ƙasa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na samu wasiƙarka, na kuma karanta labarin cacar bakin da aka yi a gabanka a jirgin ƙasa, tsakanin matashin da ya biya aka keɓe masa kujera da mutumin da ya tarar a kanta ya ƙi tashi. Ka nemi jin ra'ayina, to ga shi.

Matashin ne ke da gaskiya, ko da kuwa duk mutanen taragon sun yi masa caa. Ya yi tanadi tun kafin ranar tafiya, ya biya kuɗinsa, kamfanin jirgi kuma ya ɗaukar masa alkawari, saboda haka wanda ya zauna a wurin yana iya roƙonsa ya bar masa, amma ba shi da ikon mai da roƙon ya zama umarni. Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce wadda ka ce mutumin ya yi, wai ga wata can babu kowa, ya je ya zauna. Kujerar da babu kowa a wannan tasha tana iya samun mai ita a tasha ta gaba, ka ga an ɗora wa wanda bai yi laifi ba wahalar tashi da kunyar a tashe shi, shi kuwa mai laifin yana zaune abinsa. Ban ce haƙƙin nan ba shi da iyaka ba. A jiragen Deutsche Bahn na Jamus, idan mai kujera bai zo ya zauna ba har minti 15 bayan tashin jirgi, ta zama ta kowa, kuma ina ganin adalci ne, domin bai dace a bar wuri fayau ana jiran wanda bai zo ba alhali mutane na tsaye.

Wanda ya ɗora jakarsa a kujerar gefensa kuwa, ya kau da kai ta taga kamar bai ga masu tsayuwa ba, ba ni da uzurin da zan yi masa. Tikiti ɗaya ya saya, na mutum ɗaya. Ya san sarai cewa yawancin mutane kunya za ta hana su magana, da wannan kunyar tasu yake cin wuri biyu. Haka ma mai baje ƙafafu, wanda ɗabi'arsa ta kai har hukumar sufurin New York ta liƙa sanarwa a kanta cikin taragai.

Inda nake so mu yi hattara shi ne batun tashi wa tsoho, ko mai juna biyu, ko mai lalura. Tashin abu ne mai kyau ƙwarai, kuma tun 1973 jiragen ƙasa na Japan suka fara ware kujeru domin tsofaffi da naƙasassu, tsarin da yanzu ake gani a ƙasashe da dama. Sai dai ido ba ya ganin kowace cuta. Saurayin da ake harara don bai tashi ba yana iya kasancewa mai ciwon sikila ne, ko ciwon zuciya, ko bai daɗe da fitowa daga tiyata ba, kamar yadda mace mai ƙaramin ciki kan sha jiri da tashin zuciya a lokacin da babu mai gane halin da take ciki. Dalilin da ya sa ke nan Tokyo ta fito da wata jar alama a 2012 da masu ɓoyayyar lalura ke rataya wa jakarsu, Landan ma ta fara raba shuɗin baji a 2017 mai roƙon a ba wanda ya maƙala shi wurin zama. Waɗannan alamomi suna raba marar lafiya da zayyana ciwonsa a gaban baƙi kafin a tausaya masa. Don haka ba na goyon bayan masu tsawata wa fasinja a bainar jama'a, balle masu ɗaukar hotonsa su watsa a intanet ba tare da sun san abin da ya zaunar da shi ba. Mai buƙata ya yi magana a hankali, kuma ya fi kyau ya nemi taimakon mutanen wurin gaba ɗaya maimakon ya tsare mutum guda da ido, domin da wuya a rasa mai tashi.

Abu ɗaya ne ba ka faɗa mini ba, wato abin da jami'in duba tikiti ya yi, domin raba irin wannan gardama aikinsa ne, bai kamata a bar fasinjoji su yi ta da kansu ba. Ka rubuto mini yadda aka ƙare. Ka gaida mutanen gida da kyau.

Naka,
Amininka