Wasiƙa Zuwa ga Edita: Ina Labarin Hausawan Bahiya?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina da ɗan ƙorafi game da filinku na tarihi, wanda ba na bari ya wuce ni. Kun kai mu Masar, kun kai mu Rum, Mansa Musa kuwa har mun haddace raƙumansa. Amma ban taɓa jin kun taɓo labarin Hausawan da aka kai Barazil a matsayin bayi ba. Ni ma ba wanke kaina nake yi ba: shekaru na yi ina koyar da tarihi a sakandare, ko sau ɗaya ban ambace su a aji ba, don ni ma ba a koya mini ba. Sai da na yi ritaya na ci karo da labarin.

A jihar Bahiya ta Barazil, wadda babban birninta shi ne Salvador, Hausawa sun hana masu bayi barci. A watan Mayun 1807 aka bankaɗo shirinsu na yin bore, su ƙwace jiragen ruwa su komo gida. A Fabrairun 1814 suka sake tashi, suka auka wa sansanonin kamun kifi da ke bakin teku kusa da birnin, suka cinna musu wuta. Takardun hukuma na lokacin sun kira jagoransu da "malomi". Ranar da na fara ganin kalmar nan sai da na ajiye takardar na yi shiru. Malami ne fa, bakin Bature ne ya karkata shi.

Babban boren shi ne na daren 24 zuwa wayewar garin 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi. Wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, shi ya sa ake kiransa boren Male, daga "imale", wato Musulmi da Yarbanci. Amma da Hausawa a ciki, kuma cikin malaman da aka tuhuma har da wani Bahaushe da ya fanshi kansa, mai sayar da taba, ana ce masa Dandara. Mutum wajen 600 ne suka fito da fararen riguna, da layu a wuya, akasarinsu da takubba da wuƙaƙe. An riga an tsegunta wa hukuma tun kafin su shirya, don haka suka fito a gaggauce. Sun yi 'yan sa'o'i suna fafatawa a titunan birnin kafin sojojin doki su murƙushe su. An kashe kusan 70 daga cikinsu. Mutum huɗu aka zartar wa hukuncin kisa, a ranar 14 ga Mayu, da harbi, saboda an rasa wanda zai yarda ya rataye su. Wani dattijon malami, Pacifico Licutan, wanda yana tsare ma lokacin da aka yi boren, bulala 1,000 aka yanke masa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kayan da 'yan sanda suka kwaso daga ɗakunansu: alluna, tawada, da 'yan takardu masu ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i, an naɗe su ƙanana an ɗinke cikin fata. Har rubutun sha suna yi. Yanzu haka da nake wannan rubutu, ga allon jikana nan jingine a zaure, an wanke shi bai gama bushewa ba. Irinsa ne aka ɗauka a matsayin shaidar laifi a wancan ƙetaren teku. Kuma da yake hukuma ba ta iya karanta rubutun ba, wani bawa Bahaushe mai suna Albino ta nemo ya fassara mata. Wasu daga cikin takardun suna nan ajiye a ma'adanar tarihi ta jihar Bahiya har yau.

To, yaya aka yi suka je can? A nan ne nake zargin muke kau da kai. Yawancinsu an kama su ne a yaƙe-yaƙen ƙasarmu, musamman bayan ɓarkewar jihadi a 1804, daga ɓangaren masu jihadi da na sarakunan Haɓe duka. Daga hannu zuwa hannu aka gangara da su kudu har bakin ruwa, irin su Ikko da Wida ta ƙasar Benin ta yau, inda jiragen Turawan Fotugal ke jira. Bature ya saya, gaskiya ne, amma wani ne ya sayar masa. Idan za ku yi shirin, don Allah kada a tsallake wannan wurin don gudun ɓacin ran wani.

Bayan boren an kori ɗimbin 'yantattun bayi zuwa Afirka ta Yamma, wasu kuma suka taho da kansu. Su ne Aguda na Legas, su ne kuma Tabom na Ankara a Ghana, waɗanda sunansu ya samo asali daga gaisuwarsu ta harshen Fotugal. Barazil kanta ba ta haramta bauta ba sai a 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka.

Roƙona shi ne ku ware wa labarin nan ko da mako biyu ne. Ku nemo malaman tarihi daga jami'o'inmu, sannan wakilinku na Ghana ya leƙa unguwar Jamestown ya ji ta bakin dattawan Tabom, ko akwai wanda ya riƙe sunan garin da kakansa ya fito.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, daga Zariya