Wasiƙa daga Birni a kan karatun kishiyata

Damagaram, unguwar Birni

Ƴata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar babanki da ke tashi duk sanda sanyi ya shigo.

Na saurari saƙon muryarki sau biyu, na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauko bik da kaye. Kin ce ɗiyar maƙwabciyarku, sa'ar kishiyata, tana zuba a, be, se har zed, tana ƙirga hamsin da Faransanci, taku kuwa ko goma ba ta haɗawa, har kin fara zaunar da ita da tsumagiya a gefe. Jefar da tsumagiyar nan tukuna. Shekarar yarinyar 4 fa.

Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba. Ina sabuwar malama na mai da yayanku abin nuni. Bai cika biyar ba yana ƙirga ɗari da Faransanci ba gargada, baƙi su zo in tsayar da shi ya yi, a yi ta tafi. Wata rana kakarku, Allah ya jiƙanta, ta ce ya ɗebo mata goro bakwai a ƙwarya. Ya ciko hannu biyu ya kawo. Ta ce ya ƙirga mata. Bakinsa ya kai goma sha biyu, yatsansa bai wuce goro na huɗu ba. Ta dube ni ta ce, "Ashe aku kike kiwo." Ban yi barcin kirki ba daren nan. Daga baya, shekarun da na yi riƙe da alli a ajin CI, wato ajin farko na firamare, na ga irinsa ba iyaka, baki ya yi gaba ya bar hannu a baya.

To ki fara da hannu, kuma da Hausa. Abu ɗaya, taɓawa ɗaya, lamba ɗaya. In ta gama, ki tambaye ta, "Nawa ke nan?" In ta amsa "huɗu" ba tare da ta sake farawa daga ɗaya ba, ta gane cewa lambar ƙarshe ita ce yawan abin, kuma wannan ya fi zuba hamsin daraja. Ba sai kin sayi komai ba. Ki aike ta ta kawo albasa uku, ta jera cokula daidai yawan masu cin abinci, ta ƙirga bido nawa mai ga-ruwa ya sauke, kamar yadda ku kuke yi a ƙofar gidan nan lokacin da famfo ke kwana da kwanaki bai ɗiga ba. Ki raba dabino biyar gida biyu, ki tara, ki sake rabawa wani iri, ta ga biyar ɗin ba ta canza ba. In ta ƙara wayo ki koya mata ƴar carabke, ɗaukar ɗaɗɗaya, sannan bibbiyu, lissafi ne tsagwaronsa. Sai dai ki kwashe tsakuwa da gyaɗa da kin gama, saboda angona mai rarrafe, komai ya samu baki yake kaiwa.

Abu ɗaya nake hana ki: kada ki koya mata rubutun lamba da kuɗi. Mu da dala muke lissafi. Ƙwandalar da aka rubuta wa 25 mu ce dala biyar, mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin. Yaro ya ga 100 a ce masa ashirin, gobe malamin boko ya ce ɗari ne, wa zai yarda da shi? Ki bar kuɗi sai ta iya ninka biyar.

Launi kuwa shi ya fi daɗin koyarwa, don Hausa ta riga ta yi miki rabin aikin. Ban da fari da baƙi da ja da shuɗi da tsanwa, yawancin sauran da sunan abu muke kiran su: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan makuba. Ki nuna mata abin, sunan ya zauna. Ki ɗebo toka a murhu ta shafa. Garin ɗorawa zan aiko miki da shi, ta lasa ta ga launin a harshenta. Kada ki fara da "wannan wane launi ne?" Ki fara da "samo mini ɗan'uwansa", ta haɗa ja da ja a cikin wankin da kika kwaso daga igiya, ko murafan kwalabe. Sannan "miƙo mini jan". Faɗin suna da kanta shi ne na ƙarshe, kuma zai zo. Tutar ƙasa tana gaban kowace lakwal da ruwan goro da fari da tsanwa, ku tsaya ku duba in kun wuce. In Allah ya kai mu salla ki kawo mini ita, in kai ta ƙofar fada ta ga jajayen kayan dogarai, mu biya wurin dukawa ta ga yadda karan dafi ke rina fata.

Saura baƙaƙe. A nan ne iyaye suka fi gaggawa. Sunan harafi da Faransanci, ash da i-girek da dublu-be, ba ya karanta wa yaro komai. Kunne za ki fara buɗe mata. Ki ce, "Me ke farawa kamar buta?" ta ce bokiti, Baba, biri. Ki yi mata wasan baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, ta ji bambancin tana dariya. Sai ki zana harafin farko na sunanta a yashi, babba, ta bi da yatsa, ta murza shi da laka, ta nemo shi a jikin buhun shinkafa. Harafi ɗaya a mako ya isa. Ɓarar gyaɗa da tsintar wake su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe alli.

Kada ki ji tsoron cewa Hausa za ta tare wa Faransanci hanya. Makarantar gwaji ta farko da ta fara da harshen uwa kafin Faransanci nan Damagaram aka buɗe ta, a 1973, kuma da Hausa. Tun 2025 ma hukuma ta ce Hausa ce harshen ƙasa, ko da yake mu ba mu jira takarda ba. Zabarmancin da take kwasowa a ƙofar gida a Yamai kuwa riba ce.

Tunda ta shiga makarantar allo, za ta riƙa cakuɗa hanya: can babbaƙu daga dama ake farawa, boko daga hagu. Za ki ga b ta koma d, 3 ta juya baya. Ke ma kin yi, har kika kusa bakwai. Ki ɗiga mata alama a gefen da za ta fara, shi ke nan.

Minti goma ya isa, bayan la'asar ko kina tsinke zogale. Da ta fara waige-waige ki sallame ta. Wayar da kike ba ta don ta ga waƙar haruffa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2019 kada mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko talabijin. Ni da za a bi tawa, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi za ki yi mata da dare.

Garin ɗorawar da kilishi da ƙaramin allo suna hannun direban da kika sani, ranar Laraba zai taso. Ki gaida maigidanki. Ki gaya wa kishiyata ta tanadar mini dabino biyar cif, zan sa ta ƙirga a gabana.

Innarki