Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Damagaram a kan gawo, gas da murhun gidajenmu

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙo, ina neman izinin sa baki a muhawarar sauyin yanayi da ta cika fadodin matasa da rumfunan kasuwar Dole tun daga daminar 2024. A waccan shekara, ranar 3 ga Satumba, ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni, wanda yake tsaye tun zamanin Sarki Tanimun. Fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin Nijar, sama da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, har sai da aka ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Daga nan zancen sauyin yanayi ya daina zama na masu taro a Yamai kaɗai.

Wasu na cewa Turawa sun shekara ɗari biyu suna ƙona kwal da mai har suka yi arziki, yanzu kuma da Allah ya ba mu man Agadem sai su ce mu bar shi a ƙasa. Wasu na cewa ranar da ke gasa mu ta ishe mu wuta. Masu maganar farko suna da gaskiyarsu, domin Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Baku a 2024 an yi alkawarin dalar Amurka biliyan 300 a kowace shekara kafin 2035 don ƙasashe irin namu. Allah ya sa a cika. Amma jihar da ta zauna jiran wannan kuɗi za ta daɗe a zaune, ga kuma wani abu a hannunmu da ke neman suɓucewa ba tare da an yi muhawara a kansa ba.

Ku bi hanyar Matamaye ko Magarya ko Mirya cikin rani, ranka ya daɗe, ku dubi gonaki. Dattawan da suka ga fari na 1973 da yunwar 1984 za su gaya muku wuraren nan sun taɓa zama fetal, iska na kwashe shuka sai an sake ta sau biyu ko uku. Yau gawo ne ko'ina. Ba wanda ya dasa su. Manomi ne in ya zo sassabe ya ga tohon kututture, sai ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski kowace shekara har su miƙe. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani sai ya yi ganye ya zubo 'ya'ya, bisashe su taru a gindinsa su ci su bar taki. Kowane manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta tsakiyar fili. Masu bincike sun ƙiyasta cewa da wannan dabara an farfaɗo da kimanin eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, akasarinsu a Maraɗi da Damagaram. Ina shakkar in akwai shirin gwamnati ko na masu agaji da ya taɓa kusantar haka a yankin Sahel. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, kuma dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa wannan.

To, wannan dukiya ita birni ke ci yanzu. Duk wanda ya tsaya bakin gari da sassafe zai ga amalanke bayan amalanke ɗauke da itace da buhunan gawayi. Manomi ya shekara goma yana renon itace, a dare ɗaya ɓarawo ya sare shi, saboda akwai mai saye a birni. Mai sayen kuma ba mugu ba ne, uwar gida ce da ke son ɗora tukunya.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne matatar mai ta SORAZ tana nan jiharmu, kan hanyar Tanut. Tun 2011 take aiki, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kuma cikin abin da take fitarwa har da gas na girki. A nan nake rabuwa da 'yan uwana masu cewa duk abin da ya fito daga rijiyar mai abokin gaba ne. A ƙasar da kusan kowane gida da itace yake dafa abinci, tukunyar gas ita ce mai gadin gawo. Sai dai an daɗe ana kiran mata su koma gas ba tare da an shiga madafa an ga abin da ke hana su ba. Mace tana sayen itacen dala ashirin ko talatin ta yi girkin yau, gobe Allah na nan. Kuɗin tukunyar gas da kanta kuwa dunƙule ake biya. In ta samu ta saya, ranar da gas ya yanke a gari sai ta koma murhu, wata ma ta sayar da tukunyar. Sannan ga tuwo. Babbar tukunyar gidan mutum goma sha biyar ba ta zama daram a kan ƙaramin kan gas, da an sa muciya an fara tuƙi sai ta yi ta rawa, mai tuƙin na tsoron ta kife mata a ƙafa. Don haka a gidaje da yawa gas na shayi ne da ɗumame, tuwo kuwa na itace.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin jiha. Maƙeranmu za su iya ƙera mazauni mai ƙarfi da zai riƙe tukunyar tuwo in aka ba su samfuri da kasuwa. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a ƙasar nan tun 1991, sun san yadda ake biyan abu kaɗan-kaɗan, a ba su tukwanen bashi su raba. A kuma tsayar da kason gas na jihar, ya kai Gure da Dungas da Tanut, kada ya ƙare a unguwannin masu albashi.

Wutar rana ban raina ta ba. Mun ji jiki a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da Nijar ke samun wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta a lokacin. An buɗe tashar wutar rana ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, akwai ta Malbaza mai 7, mu ma muna son tamu. Kafin ta zo, a fara da rijiyoyin burtsatse da ɗakunan haihuwa, a garin da ƙishirwa ta daɗe tana wahalarwa. A kuma koya wa yaranmu gyara, don farantin sola da batirinsa ya mutu ado ne kawai a kan rufi.

Game da 3 ga Agusta, ranar dashen itace, ba na hana a dasa. Amma a koma cikin Afrilu a ƙirga waɗanda suka rayu, a faɗa a rediyo. Kuma a wannan rana a kira manoman da suka fi kowa renon gawo a gonakinsu a karrama su gaban jama'a, a umarci ma'aikatan gandun daji da masu gari su ɗauki ƙarar wanda aka sare wa itace da muhimmanci, kada a bar shi da "sai haƙuri".

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. Ku sa a riƙa bayyana wa jama'a, wata-wata, yawan gas ɗin da aka ware wa jihar Damagaram da garuruwan da aka kai shi, domin in ya yanke mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Allah ya ƙara girma.

Naku,
wani malamin makaranta, unguwar Zango, Damagaram