Masu ɗaga gaban Hilux, a riƙa awo kafin a sayi shokazoba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu. Dan Allah ka ɗan bani fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana masu a-kori-kura musamman masu Hilux na nan Gombe, akan wannan yayin da ya shigo na ɗaga gaban mota wai don ta daidaita da baya. Ni na yi, na kashe kuɗi har sau biyu akan aiki ɗaya, shi yasa nace bari in faɗa ko wani zai tsira.

Motata Hilux ce Vigo ta 2012 mai fetur, da ita nake ɗauko shinkafa daga Dadin Kowa, da kaka kuma masara daga wajen Kumo zuwa Tudun Hatsi. Duk mai irin motar nan ya sani in ba kaya bayanta yafi gabanta tsawo, kamar ta ɗan sunkuya. Ni ban taɓa damuwa ba sai da ɗan ƙanwata ya dawo hutu daga makaranta ya dame ni, Kawu motar nan fa kamar tana ruku'u, Kawu kaga yadda ake musu a Amurka da Ostareliya, yana ta nuna min bidiyo a waya. To ka san zuciya, nima da na gani sai naji ta burge ni, kuma dama shokazoba ɗina na gaba sun fara zubar da mai, sai nace bari in haɗa aikin gaba ɗaya.

Abinda ban tsaya na tambayi kaina ba shine me yasa Toyota da suke ƙera Hilux tun 1968 suka barta a sunkuye, mantuwa suka yi? Da gangan ne. An bar bayan sama ne saboda in ka loda buhuna sifirin baya ya kwanta motar ta dawo daidai. Kaga kenan in ka ɗaga gaba ta daidaita alhali ba komai a bodi, ranar da ka ɗora buhu 8 na masara sai ta koma kallon sama, gindi a ƙasa hanci a sama, sitiyari ya yi maka sakayau a hannu, fitila kuma da daddare cikin idon mutane take haskawa. Wallahi ranar da na taso daga Kumo bayan isha'i duk motar da muka yi kiciɓis sai ta watso min doguwar fitila, ina ta faɗa a raina cewa mutane basu da tarbiyya, ashe ni ne mai laifin.

To amma ba wannan ne ainihin abinda ya sani rubutu ba, maganar shokazoba ce. Garejin da na fara zuwa, ba zan faɗi suna ba don ba tonon silili nazo yi ba, yaron yace min Alhaji ai abu mai sauƙi ne, dogon shok kawai za mu saka ta tashi. Ya tafi kasuwa ya dawo da wasu 'yan Beljiyam guda biyu an fesa musu fenti sai sheƙi suke, wai na wata babbar jif ne, ya haɗa da wani zoben ƙarfe da suke cewa sifesa ya ɗora a saman, aka ɗaure, mota ta tashi kam, kowa a garejin yana cewa ta yi kyau. Ko tef ba a ɗauko ba balle a auna wani abu.

Sati biyu ba a yi ba ta fara min ƙwanƙwasa, duk ramin da taya ta faɗa sai kaji kwas kamar an buga guduma a ƙarƙashin ƙafarka, in na hau gargada kuwa haƙora har haɗuwa suke. Kafin wata biyu robar shaf, wato sandar da ke juya tayar gaba, ta yage giris ya watse ko'ina, tayoyin gaba sun cinye ta gefe ɗaya, sababbin tayoyi fa. Gyaran gangar auzinawa sosai.

Wani abokina direban tifa ne ya kai ni wajen wani dattijon makanike, tsohon hannu ne a aikin ƙafar mota. Ya leƙa ƙarƙashi bai fi minti biyu ba ya fito yana share hannu yace Alhaji wa ya maka wannan aika-aikar. Nace Baba ai dogon shok aka saka don ta tashi. Yace to fara cire wannan daga kanka, shok baya ɗaga mota, sifirin ne yake ɗauke da nauyi, shi shok aikinsa kawai ya hana sifirin yin ta lilo bayan an daki rami. A wajensa na zauna wuni guda na koyi abinda zan faɗa yanzu, in na yi kuskure masana su gyara min.

Kowane shokazoba yana da tsawo biyu, tsawonsa in ya miƙe gaba ɗaya da tsawonsa in ya tsuke gaba ɗaya, kuma duka biyun sai sun dace da ƙafar motarka. In ya yi gajere bayan an ɗaga mota, taya na faɗawa rami zai kai ƙarshensa ya fizge, ƙarar da kake ji kenan, a hankali ya tsinke ko ya cinye bushin, wato robar da ke wajen ɗaurinsa. In kuma ya yi tsawo da yawa matsala biyu ce, wajen sauka zai bar ƙafar ta zube fiye da yadda boljoyin, wato mahaɗar ƙafar da taya, da shaf za su iya jurewa, wajen hawa kuma zai ƙure a cikinsa tun kafin ƙafar ta taɓa robar nan da aka saka don ta tare duka, sai ya zama shok ɗin ne yake shan dukan da robar ya kamata ta sha. Nawa duka biyun suka same shi, dogon shok ga kuma sifesa a kai. Wani abu kuma da yaran gareji da yawa basu lura da shi ba, shok ɗin gaba ba a bakin taya yake zaune ba, a tsakiyar hannun ƙasa yake, wato ƙarfen da ke riƙe da taya ta ƙasa, saboda haka sifesa mai kaurin inci 1 ɗagawar da zai yi ta fi inci 1 nesa, tana iya kusan ninkawa. Mutum yace a saka masa mai inci 2 don yana son inci 2, sai ya tashi da abinda yafi ƙarfin shaf ɗinsa. Baba yace in dai ba za ka canza hannun sama da sauran tarkace ba, kada ka wuce inci 2, wato kamar santimita 5, shima ɗin in da hali ka tsaya ƙasa da haka.

Kuma ba duk Hilux ce iri ɗaya ba. Vigo da ta fito wajen 2005 da Revo da ta biyo bayanta a 2015, sifirinsu na gaba naɗaɗɗe ne yana zagaye da shok ɗin, abu ɗaya ne a haɗe. Tsofaffin masu fowil, wato masu ja da taya huɗu, da suka gabace su da yawa sandar ƙarfe ce doguwa da ake murɗawa, wadda ake kira toshan ba, su ana ɗaga su ne da ɗaure noti kawai kuma shok ɗinsu daban yake zaune shi kaɗai, amma suma in ka ɗaure da yawa ka cinye wa ƙafar hanyar sauka, mota ta koma kamar amalanke. Sannan mai dizal ta fi mai fetur nauyi a gaba, mai fowil daban da wadda ba fowil ba, wanda ya ɗaura ƙaton ƙarfen bamba a gaba shima lissafinsa daban. Don haka ka tafi kasuwa da lambar shasi, ba wai kace a baka shok na Hilux kawai ba, ko a nan ne ko Ƙofar Ruwa a Kano ka aika.

Maganar wane irin shok kuwa, akwai mai bututu biyu akwai mai bututu ɗaya. Mai bututu biyu shine irin wanda yawancin motoci ke zuwa da shi, yana da laushi da sauƙin kuɗi, kuma ko dutse ya ɗan lotsa jikinsa na waje yana ci gaba da aiki. Mai bututu ɗaya yana da gas na naitirojin mai ƙarfi an raba shi da mai, yafi saurin huce zafi, kuma wannan ba ƙaramin abu bane a wajenmu, mai ɗin cikin shok in ya yi zafi ya yi kumfa sai ya daina riƙewa, ka ɗauki zafin watan Maris da Afrilu ka haɗa da doguwar gargada da lodi kaga ai dole ya gaji. Illarsa tauri da tsada, kuma in jikinsa ya lotsa shikenan ya tashi aiki. Bilstein na Jamus suna da wani 5100 da aka yi shi musamman don wannan ɗagawar, yana da layuka a jiki inda ake matsar da mazaunin sifirin sama ko ƙasa ba sai an saka sifesa ba, Old Man Emu da Ironman na Ostareliya kuma suna sayar da shok da sifirinsa a haɗe gwargwadon nauyin motarka. Masu kyau ne amma da canjin dala na yanzu sai wane da wane. KYB na Japan ma akwai shi a kasuwarmu, sai dai duk sunan da ya karɓu 'yan jabu sun bi shi, kwali kaɗai ba hujja bane. Ni a ganina sabon shok na tsaka-tsaki da ya dace da awon motarka yafi babban suna da aka ciro daga wata motar da ba ka san tafiyar da ta yi ba. Ɗan Beljiyam dai a shok na haƙura da shi, wasu huda shi ake a ɗura mai a toshe a fesa fenti.

Sauran ƙanana ne amma suna cin kuɗi. A canza biyu tare, hagu da dama. Notin ƙasan shok kada a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke mota daga jek ta zauna akan tayarta, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage da wuri. Naɗaɗɗen sifirin nan kuma a matse shi da abin matse shi, na taɓa ganin yara suna yi da igiya da ƙafa, in ya kuɓuce yana iya kashe mutum wallahi. Daga gareji a wuce alaimen kai tsaye, a gyara saitin fitila.

Ni dai ƙarshenta Baba ya auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi gaba da baya, ba kaya da kuma buhu 8 a ciki, ya nuna min da idona, nace a cire sifesar a mayar min da ita yadda take, aka saka sababbin shok daidai lambarta da sabon shaf ɗaya. Ɗan ƙanwar tawa har yanzu yana min tsiya wai motar Kawu ta koma ruku'u. Zoben ƙarfen guda biyu suna nan a shagona ina danne takardun awo da su kada iska ta kwashe.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu,
daga Tumfure, Gombe