Zuwa ga Aminina, kan Takardar Din

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Minesota? Saƙonka ya iso, na kuma ga hankalinka a tashe yake saboda jami'ar da kake son komawa ta ce sai ka kawo takarda daga Din (Dean), wato babban jami'in makarantar da kake yanzu, alhali ko a hanya kuka haɗu ba zai gane ka ba. Kwantar da hankalinka, mutumina. Ba yabonka suke so ya yi ba.

Takardar nan, wadda Common App (shafin neman shiga jami'o'i) ke kira College Report, fom ne ɗan gajere. Abin da suke son ji shi ne, karatunka yana kan turba? An taɓa hukunta ka a kan satar amsa ko wani laifi? In ka so ci gaba da zama, makarantar za ta bar ka? Shi ya sa duk jami'in da fayil ɗinka ke hannunsa yana iya cikawa, ko ofishin Din mai kula da ɗalibai, ko na rijistara. Sau da yawa ma'aikaciya ce za ta buga lambarka a kwamfuta, ta duba, a sa hannu, shi ke nan.

Amma kada ka miƙa fom ɗin ba ka cika sashenka na sama ba. Akwai dokar FERPA ta 1974 da ke tsare bayanan ɗalibi, don haka sai ka rattaba hannu cewa ka yarda a fitar da naka. Kuma ka je da wuri, don Allah. Harvard ranar 1 ga Maris take rufe karɓa, da yawa kuma cikin Maris ɗin ne, lokacin ofis ya cika maƙil da takardun mutane. Ka kai tun Janairu, bayan sati biyu ka koma da ƙafarka ka tambaya cikin ladabi ko an aika.

In akwai wani tabo a fayil ɗinka, ka riga su faɗa, ka yi bayani da kanka. Ɓoyewar ta fi laifin ɓata lamari.

Inda nake so ka zuba ƙarfinka shi ne wasiƙar malami. Nemi wanda ya san rubutunka, wanda kake zuwa ofishinsa da tambaya, ka kai masa dalilinka na tashi a rubuce. Kada ka kushe makarantarka, faɗi abin da kake nema a can wanda babu a nan.

Tunda da bizar ɗalibai ta F-1 kake, in sun ɗauke ka, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka ta yanzu ne zai mayar da bayananka na SEVIS (rumbun bayanan ɗaliban waje na gwamnatin Amurka) can, sannan sabuwar makarantar ta ba ka I-20, takardar shaidar cewa kai ɗalibinta ne mai bizar F-1. Kada ka tsayar da ranar mayar da bayanan kafin takardar ɗauka ta shigo hannunka.

In kun yi waya da Hajiya ka gaishe min da ita. Allah ya sa a dace.

Naka,
amininka